Na'urar da Ta Ji Zuciyar Walƙiya

Da safiyar ranar wasan ƙarshe aka bugo waya ofishin 'yan sanda daga babban filin ƙwallo, aka ce an yi sata. Sufeto yana cikin karyawa, ya ture kofin shayi gefe ya tambayi abin da aka ɗauke.

"Wai wata na'ura ce, yallaɓai," in ji Saje, mataimakinsa. "Sun ce ba ta fi kwalin ashana girma ba."

"Kwalin ashana? A garin da ake fasa shaguna da rana tsaka, ni za a tasa a kan kwalin ashana?"

Yana faɗa yana neman hularsa. Maganar gaskiya, da tsintsiya aka ce an sace a filin nan, da gudu zai je. Sufeto mayen ƙwallo ne tun yana ɗan mitsitsi. Ya sha bulala a kan haura katangar filin don ya ga wani ɗan wasa da ake kira Guguwa. Shi da abokansa ba abin da ba su kwaikwaya ba na mutumin nan, daga yadda yake naɗe safa har yadda yake shiga fili. Yau Guguwan nan shi ne kocin ƙungiyar, kuma da yamma za su buga wasan cin kofin da ƙungiyar ba ta taɓa ɗauka ba.

Ɗakin da aka yi satar yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo. Ɗaki ne mai sanyi, ba taga, sai tebur da kwamfuta da wani baƙin akwati a buɗe. A cikin akwatin ƙananan na'urori ne a jere, kowace a raminta da lambarta, suna ƙyafta koriyar fitila. Rami ɗaya ne babu komai a ciki.

Wata siririyar mata mai tabarau ce ta tarbe su. Ita ke lura da nauyin atisayen 'yan wasa. A gabanta suna ce mata Malama, a bayan idonta kuwa Gani-Har-Hanji.

"Malama, mene ne aikin abin nan?" Sufeto ya tambaya.

Ta ɗago wata 'yar riga mai matse ƙirji, ta nuna masa ƙaramin aljihu a tsakanin kafaɗu.

"Kowane ɗan wasa yana sa wannan a ƙarƙashin rigarsa, na'urar tana cikin aljihun nan. Tana auna nisan da ya gudu, da saurinsa, da birkin da ya taka, da nauyin da kowace ƙafa ta ɗauka, da bugun zuciyarsa. In na haɗa su, sai in gaya wa Koci wane ne jikinsa zai ɗauki ƙari, wane ne kuma ya kamata ya huta kafin tsokarsa ta tsinke."

Ta taɓa kwamfuta, wasu layuka suka bayyana suna hawa da sauka.

"Ka ga wannan? Mai tsaron bayanmu ne. Makon jiya na ce masa ba ya samun barci, ya rantse mini yana yi. Da na matsa, ashe matarsa ce ta haihu, jariri ya hana gidan sakat."

"Wa ya gaya miki?"

"Zuciyarsa."

"Tabɗi!" in ji Saje. "Yallaɓai, don Allah kada ka bari a sayo mana irin wannan a ofis. Wallahi asirin wasu zai tonu."

Sufeto bai kula shi ba. Ya ƙura wa layukan ido, baki a ɗan buɗe. Shi da yake shan wahalar yini guda kafin ya tatso gaskiya daga bakin mutum ɗaya, ga wani abu kamar kwalin ashana yana jin ta kai tsaye daga cikin ƙirji. Abin ya girgiza shi ƙwarai.

"Ta wa aka sace?"

"Ta Walƙiya."

Ko Saje da bai damu da ƙwallo ba ya san wannan suna. Walƙiya shi ne matashin ɗan wasan gaban ƙungiyar, bai cika shekara ashirin ba, amma a kafaɗarsa duk garin ya ɗora burinsa.

Malama ta cire tabarau ta murje ido.

"Sufeto, ba tsadar na'urar ce ta sa na kira ku ba. Kwanan nan na lura in yaron nan ya yi gudu mai tsanani, zuciyarsa ba ta saurin komawa daidai. Likita ya gwada shi a kwance bai ga komai ba, domin abin ba ya fitowa sai an kai jiki ƙarshen ƙarfinsa. Jiya a ƙarshen atisaye an yi gajerun tsere, an ce mini ya yi gudu iyakar ƙarfinsa. Amsar tana cikin na'urar nan. In ban karanta ta ba kafin a busa usur, zai shiga fili, ni kuwa ban sani ba ko zai fito da ƙafafunsa."

"Me ya hana ki karantawa tun jiya?"

"Ɗana ne ya faɗi a makaranta, aka kira ni ana tsakiyar atisaye. Na ajiye ƙaramin allon da ke nuna bugun zuciyarsu nan take a kan benci, na tafi. Shi allon ba ya ajiye komai, nunawa kawai yake yi. Na ce a mayar da na'urorin cikin akwati, da safe zan zo in karanta. Na zo, ga abin da na tarar."

"A sa masa wata mana, ya sake gudu yanzu."

"Ranar wasa? Koci ya ce ko kusa. Likita kuma ba zai iya hana shi bugawa ba sai da hujja a hannu. Shugabannin ƙungiya bakinsu ɗaya da Koci."

Kamar an kira shi, sai ga Kocin ya turo ƙofa. Dogo ne, kansa ya yi fari fat, yana ɗan jan ƙafar hagu, tsohon raunin gwiwar da ya raba shi da ƙwallo. Sufeto bai san lokacin da ya miƙe ya ƙame ba, kai ka ce Kwamishina ne ya shigo.

"Ranka ya daɗe."

"Sannu da zuwa, Sufeto," in ji Koci. "Kada ka wahalar da kanka, aikin abokan karawarmu ne. So suke su rikita mana kai a ranar wasa. Ni rabona da ɗakin nan an fi mako, amma na san halinsu."

"Yaron fa? Malama tana tsoron..."

"Yaron zai buga. Ɗan ƙanwata ne, a hannuna ya tashi, ni na fara ɗaura masa takalmi. Na fi wannan tarkacen sanin jikinsa."

Ya juya ya fita. Saje ya bari sai da ƙofa ta rufu sannan ya yi gyaran murya.

"Yallaɓai, ban ji ka tambaye shi inda yake da safe ba. Saura kaɗan ka miƙa masa rigarka ya sa maka hannu."

"Rufe mini baki, ka duba ƙofar nan."

Ƙofar lafiyarta ƙalau, ba a ɓalle ta ba, ba a taɓa kwaɗon ba. Makulli biyu ne: ɗaya a jakar Malama, ɗaya a wurin tsohon da ke wanke kayan 'yan wasa, wanda kowa ke kira Baba Mai Riguna.

Sun same shi a ɗakin wanki yana ninke tawul, injin wanki yana ta gurnani a bayansa. Da ya taso gaishe su, Saje ya zunguri Sufeto: shi ma tsohon ƙafar hagu yake ja.

"Baba, ina makullin ɗakin Malama?"

"Yana wuyana, ɗana. Dare da rana ba ya barin wuyana. Ko wanka zan yi da shi nake yi."

"To mu gani."

Baba ya shafa wuya, ya shafa ƙirji, ya lalubi aljihu. Daga nan ya soma ba da labarin yadda injin wanki ke cinye safa. Sufeto ya ƙyale shi ya gama, domin ya lura tun shigowarsu idon tsohon ke ta komawa kan wani tsohon takalmin ƙwallo da ke rataye a bayan ƙofa. Ya miƙa hannu ya girgiza takalmin, makulli ya faɗo ƙasa.

"Wuyan naka ke nan, Baba?"

"Kai, yaran zamani ba ku da ta ido," in ji Baba. "Igiyar ce ke cin mini fata. Tun ina da baƙin gashi a nan nake ajiye shi, ba a taɓa ɗaukar ko allura ba."

"Wa ya san da shi?"

"Tsofaffin gidan nan duk sun sani. Baƙo dai ba zai sani ba."

"Jiya ka ga wani abu a wurin atisaye?"

Baba ya ture tawul ɗin gefe.

"Na ga Walƙiya ya zauna a ƙasa bayan tsere. Ya ɗan jima bai tashi ba. Yaron da ko ruwa a tsaye yake sha."

Ke nan ɓarawon ɗan gida ne, ba abokan karawa ba. Sufeto ya sa makullin a aljihu, suka nufi ɗakin tausa.

Walƙiya yana zaune a bakin gado, an gama murza masa cinyoyi. Siriri ne, ba ka ce shi ne ke sa manyan ƙarti faɗuwa a fili ba. Takalmansa suna ajiye a ƙarƙashin gadon.

"Ina ka kwana jiya?"

"A masaukin ƙungiya, yallaɓai, tare da kowa. Mota ɗaya ta kawo mu ɗazu."

"Lafiyarka ƙalau?"

"Garau nake."

"An ce jiya ka zauna a ƙasa bayan tsere."

"Igiyar takalmina ce ta kwance, na zauna ɗaurewa."

Sufeto ya sunkuya ya ɗauko takalmin, ya juya shi a hannu. Irin na zamani ne, wanda ake zura ƙafa kamar safa. Ko ramin igiya babu a jikinsa.

"Da wannan ka yi atisayen?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Hannunsa ya tafi kan ƙirjinsa ba tare da ya sani ba.

"Duhu ne ya ɗan rufe mini ido, yallaɓai. Na ji kamar wani abu ya kubce a nan ciki. Sai kuma ya wuce."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa. In ka gaya wa Likita ma zan ce ban faɗa ba. Kawu ya jira kofin nan tun kafin a haife ni. A irin wannan wasan gwiwarsa ta karye. Ni ne zan ɗauko masa shi."

"Kai ka ɗauki na'urar?"

"Wallahi ban ɗauka ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, da na ji an sace, daɗi na ji."

Sufeto ya ajiye takalmin a hankali. Tausayin yaron ya kama shi, haushi kuma ya biyo baya. Ya fito ya tarar rana ta yi sama, masu sayar da tikiti har sun buɗe tagoginsu.

Suna tsaye a bakin fili suna shawara, Saje ya ɗan matsa ya taka ciyawa. Sai suka ji tsawa daga nesa. Mai kula da ciyawar filin ne ya taho yana wurgi da hannu.

"Sauka! Sauka mini daga kan ciyawa! Yau kai ne na biyu. Gonar gidanku ce?"

"Wane ne na farko?" Sufeto ya yi caraf ya tambaya.

"Ina na sani? Wani mara mutunci ne. Na zo da sassafe na tarar da sawunsa a kan raɓa, ya ratsa mini fili tun daga wannan gefe har wancan. A ranar wasan ƙarshe! Da na kama shi, da sai an raba mu."

"Ina sawun?"

"Rana ta shanye raɓar, sai ka je ka tambaye ta."

"Ina ya nufa?"

Mai ciyawa ya nuna can ƙetaren fili, bayan allunan talla, inda wani babban tankin ruwa yake, wanda ake shayar da ciyawa da shi.

Suka zagaya ta waje, don ba mai son a sake yi masa tsawa. Saje ya hau tsani ya ɗaga murfin tankin ya leƙa.

"Yallaɓai, zo ka ga ikon Allah."

Can a ƙasan ruwan, a cikin duhu, wata 'yar koriyar fitila tana ƙyaftawa.

Malama ta karɓi na'urar da hannu biyu, ta goge ta da gefen mayafinta.

"Abin da aka ƙera don ya jure gumin ƙarti da ruwan sama, me ruwan tanki zai yi masa?" Ta zura ta a raminta. "Bayanin zuciyar yana da yawa, zai ɗauki lokaci kafin ya gama sauka. Amma tsaya. Akwai wani sabon abu a kai, na safiyar yau."

"Na yau? Wa ya sa ta yau?"

"Ba wanda ya sa ta. Da zarar an zare ta daga akwati take farkawa. Ɓarawon bai sani ba. Ya jefa ta a aljihu, ita kuwa tana ta aikinta."

Hoton filin ya fito a kwamfuta kamar daga sama ake kallonsa. Wani ɗan ɗigo ya fito daga ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, ya nufi fili. A ƙasan hoton, kowane taku yana barin alamarsa. Sufeto ya ƙara matsowa kusa da kwamfutar. Shekara da shekaru yana bin sawun ɓarayi a ƙasa, bai taɓa zaton zai zauna a kujera ya kalli ɓarawo yana tafiya bayan ya riga ya wuce ba.

"Kowa da irin takunsa, kamar zanen yatsa," in ji Malama. "Na san takun yaran nan ko idona a rufe. Wannan ba na ɗayansu ba ne. Babban mutum ne, kuma yana tausaya wa ƙafar hagu."

"Baba Mai Riguna!" in ji Saje. "Na faɗa! Bari in je in taso ƙeyarsa."

"Dakata. Ga wani abu da ban gane ba." Ta mayar da ɗigon baya kaɗan. "A nan, daidai bakin farin layi, ya tsaya. Ya yi tsalle sau biyu a kan ƙafar dama. Sannan ya shiga fili."

Saje ya tuntsire da dariya.

"Ɓarawo da kayan sata a aljihu, ya tsaya wasan tsalle-tsalle? Anya kansa ɗaya?"

Sufeto bai yi dariya ba. Ya ga kansa yana yaro a kan katanga, yana kallon wani dogon saurayi ya zo bakin layi, ya yi tsalle biyu a kan ƙafar dama kafin ya shiga. Shi kansa ya yi wannan tsallen a kowane fegi da suka taɓa buga ƙwallon tsumma. 'Yan wasan yanzu ba su san shi ba, domin koci a wajen layi yake tsayawa.

"Ƙyale Baba," ya ce da Saje. "Malama, da zarar bayanin zuciyar ya sauka, ki same ni a wurin tanki, ke da Likita."

Ya sami Koci a bakin hanyar fitowar 'yan wasa. 'Yan kallo sun fara cika kujeru, ana ta busa ƙaho, 'yan wasa sun fito suna ɗumama jiki.

"Ranka ya daɗe, mun gano inda ɓarawon ya bi. Zo in nuna maka, ba zan ɓata maka lokaci ba."

Koci ya dubi agogo, ya yi tsaki, ya biyo shi. Sufeto ya ja shi da hirar wasan, ya tambaye shi yadda zai yi da masu tsaron bayan abokan karawa. Nan fa Koci ya saki baki, yana bayani yana zana hanyoyi a iska da hannu. A haka suka iso bakin farin layi.

Koci bai ko dubi ƙasa ba. Yana tsakiyar magana ƙafar hagu ta ɗaga da kanta, ya yi tsalle ɗaya, biyu, ya shiga.

Sufeto ya so a ce bai gani ba. Wallahi ya so. Suka ƙetare filin suka tsaya a gindin tanki, inda Saje ke jira.

"Ranka ya daɗe, da sassafe ma haka ka yi."

"Na yi me?"

"Tsalle biyu a kan ƙafar dama. Ba kowa a filin, amma na'urar tana aljihunka, kuma idonta biyu. Ta ji takunka, ta ji gwiwar hagu, ta ji tsallen. A garin nan mutum ɗaya ne ke shiga fili haka. Na sani, domin a wurinka na koya."

Koci ya dubi ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. Sannan ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Na yi ɗazu ma?"

"Ka yi."

"Ban ma sani ba." Ya jingina da tankin. "Ni na ɗauka, Sufeto. Jiya da Malama ta tafi, na ɗauki allon nan daga kan benci. Ana cikin tsere sai lambar yaron ta koma ja, tana ta ƙyaftawa. Na kife allon. Na san in ta karanta, Likita zai zaunar da shi."

"Ka ga ja, kuma ka yi shiru?"

"Ja! Kullum ja! A zamaninmu wa ya san ja? Da zazzaɓi na buga, da karyayyen yatsa na buga. Waɗannan na'urori sun mayar da maza ƙwai, wai kada a taɓa su fashe. Gajiya ce kawai, gobe ya huta. Wasa ɗaya nake nema, Sufeto. Wasa ɗaya!"

Sai ga Malama ta ratso fili da gudu, kwamfuta a rungume, Likita yana biye da ita yana haki. Mai ciyawa yana ta ihu, ba wanda ya saurare shi. Walƙiya ya gan su, ya bar ƙwallo ya biyo bayansu.

Ta ɗora kwamfutar a kan tsanin tanki.

"Koci, ka ce ka fi ta sanin jikinsa. To duba."

Layin zuciyar ya fito, bugu bayan bugu, a jere kamar haƙoran mataji. Ta bi shi da yatsa.

"Nan yana tsere, komai daidai. Nan kuma ta rikice." Haƙoran suka cakuɗe, suka hau kan juna. "Wannan ne jan da ka gani. Amma da ka kife allon, ba ka ga abin da ya biyo baya ba."

Yatsanta ya matsa gaba. Layin ya miƙe sumul, babu ko bugu ɗaya.

"Mene ne wannan?" Koci ya tambaya.

"Tsayawa ta yi," in ji Likita. "Kamar tsawon numfashi uku zuciyar yaron nan ba ta buga ba. Yana zaune a kan ciyawa, kuna zaton hutawa yake."

Can a ƙarshen miƙaƙƙen layin, sai ga bugu ɗaya ya ɗago shi kaɗai. Wani ya biyo shi. Sannan suka ci gaba a jere kamar ba abin da ya faru.

"Wa ya tashe ta?" in ji Saje a hankali.

"Ba kowa," in ji Likita. "Da kanta ta tashi. Jiya gajeren tsere ne. Da yau ne, ana tsakiyar wasa, ban ce za ta tashi ba."

"Allahu Akbar," in ji Sufeto. Ya ga gawa iri-iri a aikinsa, amma bai taɓa ganin inda mutuwa ta zo ta tsaya a kan mutum sannan ta juya ba, sai yau. Filin yana ta amsa kuwwa da sunan Walƙiya, su kuwa a gindin tanki ba mai ko motsi.

Yaron ya daɗe yana kallon layin, tafin hannunsa a kan ƙirji. Sannan ya ɗago.

"Kawu, ka ga jan?"

"Na gani."

"Kuma da ka bar ni na shiga?"

Koci ya sulale ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu.

"Me zan gaya wa uwarka?" yake ta faɗa. "Da me zan gaya mata?"

Likita ya dafa kafaɗar Walƙiya.

"Cire takalmin, ɗana. Motar asibiti tana bakin ƙofa. Irin wannan in an gano shi da wuri ana maganinsa."

Yaron ya zauna ya zare takalman, hawaye na zuba. Bai yi gardama ba.

Sufeto ya gyara tsayuwa. Tunda ya fara aiki bai taɓa jin nauyin waɗannan kalmomi kamar yau ba.

"Ranka ya daɗe, na kama ka da laifin sata da jefa rai cikin haɗari. Tashi mu je."

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya miƙa hannu ya taimaki tsohon ya miƙe.

Motarsu tana can ɗaya gefen, hanya mafi kusa ita ce su sake ratsa filin. Suka taho har bakin farin layi. A nan Koci ya tsaya cak. Ƙafar hagu ta fara ɗagawa da kanta, ya dube ta, ya mayar da ita ƙasa.

"Sufeto, in ba damuwa, mu zagaya ta waje."

"Da nisa, ranka ya daɗe. Ga gwiwarka."

"Na sani. Ba ni da ƙafar shiga wurin nan kuma."

Suka bi ta bayan layi, a hankali, yana jan ƙafa, dubban mutane suna tafa masa don ba su san abin da ake ciki ba. Da suka kai kwana, Koci ya waiwaya sau ɗaya. Can a bakin ƙofa, Walƙiya yana hawa motar asibiti, da ƙafafunsa.